Kukan Birki: Daga Waigin Karen Mota Zuwa Tankin Iska

Makarantar da nake koyarwa a Tsibiri ba ta da nisa da kwalta. Duk abin da ya bi babbar hanyar da ta taho daga Yamai ta nufi Damagaram muna jin sa daga aji, har mun saba. Amma wata ranar kasuwa cikin hunturun bara, ina tsakiyar darasin lissafi da 'yan aji shida, wata babbar mota ta taka birki da wata irin ƙara mai tada tsikar jiki. Yara suka toshe kunne, suka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san wannan kuka. Ba na ƙura ba ne, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na leƙa ta taga sai na ga an laftata da buhuna, bisa buhunan mutane ne zaune, har da mata masu goyo. A cikin rajistata kuwa yara 2 ba su zo ba ran nan, an ce sun raka iyayensu kasuwa.

Kunnen da na ji wannan kuka da shi ba a makarantar horon malamai na same shi ba. A garejin kawuna na same shi, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ya fara da karen mota a zamanin gyaɗa, ya zama direba, daga baya ya ajiye sitiyari ya kama makanikanci a Maraɗi. Can ake tura ni duk hutu. Abin da ya koya mini, da abin da na karanta daga baya, su nake son in haɗa a nan, don mu malamai da iyaye mun daɗe muna ɗora 'ya'yanmu bisa abin da ba mu san yadda yake tsayawa ba.

Lokacin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri wajen 1836, kaya bisa raƙumi da jaki da takarkari suke tafiya. Akwai abin da ba mu cika lura da shi ba game da wannan sufuri: dabba da birkinta take zuwa. Ka yi wa raƙumi lodin da ya fi ƙarfinsa, ba zai tashi ba, sai dai ya yi ta ruri har ka rage. Jaki in ya ga gangara shi da kansa zai toge. Mota ba ta da wannan hankali. Ko me ka ɗora mata, in injin ya iya ja za ta tafi, maganar tsayawa kuwa ta bar maka.

Gyaɗa ce ta kawo mana mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sannu a hankali harkar ta haye iyaka ta iso ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir. Kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a Maraɗi. Da farko raƙuma da jakuna ke kai gyaɗar kudu, sai motoci suka riƙa karɓe aikin kaɗan-kaɗan. Bayan ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari aka koma tudu, sabuwar Maraɗi ta tashi da faffaɗan tituna, kamar an shata ta don mota. A 1953 Faransawa suka ɓullo da tsarin da suka sa wa sunan tsattsewa, Hirondelle, don a karkata gyaɗar Nijar daga hanyar Kano zuwa Dahome: mota ta kai ta Faraku, jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano, motar kuma ta komo da kayan kanti. Ku auna abin nan. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, zuwa Faraku kuwa kusan kilomita 1000 ne, kuma hanyar ƙasa ce mai gargada. Bayan samun 'yancin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, da kamfanin sufuri na ƙasa SNTN a 1963. Cikin wannan zamani Kawu ya hau bayan mota yana ɗan saurayi.

Da na tambaye shi mene ne birkin motarsu ta farko, sai ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mini ɗan yatsan da ba shi da farce. Ya ce, “Ga shi nan, ɗan lakwal. Ni ne birkin.” Yana nufin waigi, guntun itacen nan mai kama da gatari da karen mota ke rungume da shi. Mota na rage gudu zai diro ya cusa shi ƙarƙashin taya. In ana hawan tudu da lodi injin ya sare, rayuwar kowa na hannun yaron nan. Motocin suna da birki, ba a ce ba su da shi ba, amma na mai ne, wanda sai direba ya yi ta famfo da ƙafa kafin ya kama, tiyon kuma na iya fashewa a tsakiyar daji. Ba wanda ya yarda da shi shi kaɗai.

Wani abin da ya ba ni mamaki bayan na girma shi ne, kalmomi biyu da nake ji kullum a gareji ashe sunayen mutane ne. Makanikanmu na kiran fatar birki ferodo, man birki kuma lokid. Ferodo kamfani ne da wani Bature mai suna Herbert Frood ya kafa a Ingila a 1897, daga sunansa aka ƙago kalmar. Ƙasarsu mai tuddai ce, ya ga yadda masu amalanken doki ke fama da birkin itace a gangara, sai ya shiga gwada auduga da aka jiƙa da wani irin ƙaro don ta riƙe taya. Daga baya aka koma saƙa ta da asbesto, ma'adinin nan mai zare da ba ya cin wuta, wanda Faransawa ke kira amiyant. Lokid kuwa daga Malcolm Loughead ne, Ba'amurken da ya ƙirƙiro birkin mai wajen ƙarshen yaƙin duniya na farko, kamfaninsa ya ɗauki sunan Lockheed. Shi kuma tambur, ƙwaryar ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wadda takalman birki ke buɗewa su danna daga ciki, Louis Renault na Faransa ya fito da irinsa a 1902. Yaron garejin da muka kora daga aji don bai iya karatu ba, sunayen waɗannan mutane yake kira safe da yamma.

Birkin iska kuwa daga jirgin ƙasa ya samo asali. A Amurka, kafin 1869, in za a tsai da jirgi sai ma'aikata su bi rufin taragu da gudu suna murɗa birkin kowane tarago da hannu, da yawansu nan suke faɗowa. Su ne karnukan motar wancan zamani. George Westinghouse, yana ɗan shekara 22, ya yi rajistar birkin da iska ke dannawa a 1869. Amma yana da babban aibi: tiyo na fashewa, birki ya tafi gaba ɗaya. A 1872 sai ya juya dabarar, ya zamana in iska ta zube birki kamawa yake yi, ba saki ba. A ganina wannan juyi ya fi ƙirƙirar farko daraja, domin ya yarda cewa abu zai lalace, sai ya shirya yadda lalacewar ba za ta kashe mutane ba. Kamfanoni irin su Knorr na Jamus suka kai birkin iska ga manyan motoci a shekarun 1920. Daga baya aka ƙara wani ƙaƙƙarfan sifirin a tukunyar birkin ƙafafun baya, wanda iska ce ke danne shi. Iska na ƙarewa sai ya miƙe ya kulle tayu. Shi ya sa za ku ga direban tirela da asuba yana ba mota wuta a tsaye yana kallon agogon iska. Ba wasa yake ba, jira yake kwamfuresa ta cika tankuna da iska kafin mota ta yarda ta motsa.

Kawu ya ce ranar da ya fara tuƙa Berliet mai birkin iska ji ya yi kamar an sauke masa dutse daga ƙafa. Sai dai sauƙin bai daɗe ba, mu da kanmu muka cinye shi.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, ba ta sake komawa yadda take ba. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suka karkata ga fiton kaya: atamfa da taba da shinkafa su sauka Kwatano, su hau mota zuwa Maraɗi, su bi ta Ɗan Isa su shiga Nijeriya. Mota ta ƙaru, ta ƙara girma. Marsandi 911 ta shigo daga kudu, daga baya kwancen Turai suka cika gari, yau ga na Sin. To, mota in ta iso hannunmu me muke fara yi mata? A kai ta wajen mai walda a ƙara tsawon bodi, a ƙara ganyen sifirin don kada ta durƙusa, a ɗaga katangar gefe. Ban taɓa jin wanda ya ce a ƙara mata birki ba. Ga lissafin da nake koya wa yara kuwa ba ya sassauci: ka ninka nauyi, aikin da birki zai yi ya ninka, ka ninka gudu, aikin ya ninka sau 4. Duk wannan aiki zafi yake komawa, cikin tambur ɗin da aka ƙera don rabin wannan lodi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da duwatsun da za su tona asirin mugun birki kullum, shi ya sa muka raina shi. Sai ranar da saniya ta gitta, ko yaro ya tsallaka hanya da faranti a ka.

Abin da na gani da idona shi ne karyewar sefa a Janairun 1994. Ina ɗan kwaleji, ina hutu a gareji. Dare ɗaya kuɗinmu ya rasa rabin darajarsa, kayan gyara na Turai suka tashi. Masu mota da a da ke cewa a canja, suka koma cewa a lallaɓa. Daga nan na fara ganin ferodo marar suna a cikin kwali marar rubutu, da tambur ɗin da aka kai wajen mai juyi sau biyu sau uku har ya zama kamar faifai. Duk lokacin da aka rufe iyaka, ko a 2019 ko a 2023, wannan lallaɓawa ce ke dawowa.

A wannan zamani Kawu ya koya mini sauraro. Ba ya taɓa sifana sai ya sa direba ya ja mota gaba kaɗan ya taka, shi yana tsaye gefe ya karkata kai. Ya ce birki baki gare shi, kuma ba kukansa duka ne na ciwo ba.

Akwai siririn kuka mai tsini, ƙiiii, wanda ake ji da safe ko bayan an ratsa rairayin gulbi. Yawanci ƙura ce ko ɗan tsatsan raɓa, bayan taku biyu uku sai ya ɓace. In bai ɓace ba, to fuskar ferodo ta ƙone ta yi santsi tana ƙyalli kamar tangaran, maimakon ta riƙe tambur sai ta riƙa kamawa tana zamewa da sauri, wannan karkarwa ce kunne ke ji. Zafi ke kawo haka, ko lodi, ko direban da ke ɗora ƙafa bisa feda a gangara maimakon ya sauko da giya. In da sauran nama a jikinta ana iya goge ƙyallin a ɗan sassabe bakinta, amma in ta tsattsage sai canji.

Akwai kuma gurza, ƙurrr, mai kauri, irin wadda na ji daga aji. Wannan ferodo ya ƙare, ƙusoshin da suka riƙe shi ko takalmin kansa ne ke ƙarzar tambur. Ba a kwana da ita. Kowane taku rami yake ƙara tonawa, abin da da ferodo kaɗai zai ci sai ya ci har tambur. Kawu yana da wani guntun ƙarfe mai kaurin wajen milimita 6 a aljihu, in ferodon tirela ya kusa kai nan ba ya sauraron magiya. Kuma ba ya canja ɓangare ɗaya. In ya taɓa hagu sai ya taɓa dama na wannan ƙafa, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgar sitiyari gefe in an taka. A jikin tambur ma akwai lambar da maƙera suka rubuta, iyakar faɗin da in ya wuce shi ya zama na yarwa. Mutane nawa ne cikin masu mota suka taɓa duba ta?

In kuwa ƙwas aka ji, sau ɗaya, daidai lokacin da aka taka, to wani abu ne ya saki: ko ƙaramin sifirin da ke maido da takalma ya karye, ko sandar da ke buɗe su ta cinye mazauninta tana wasa. In mota ce ke rawa gaba ɗaya tana ɗaukewa tana saki, tambur ne ya daina zama da'ira. Sau da yawa ruwan sanyi ne sanadi, wanda yaran mota ke watsa masa yana da zafi don wai ya huce. Ya huce kam, amma ya murɗe, wani lokaci ma ya tsage.

Sai kukan iska. Tsaki ɗin nan, tsss, da tirela ke yi lokaci-lokaci lafiya ce, tankuna sun cika ne. Wanda ba lafiya ba shi ne shuuu mai ɗorewa bayan an kashe inji. Aikina ke nan a gareji: a ba ni ruwan sabulu a gwangwani in bi tiyo da mahaɗai ina shafawa, inda kumfa ta tashi nan ɓarakar take. Ni ne kuma mai jan zaren ƙarƙashin tanki don ruwan da ya taru ya fita. Abu ɗaya ya hana ni ko kusanta, tukunyar nan mai babban sifirin. Ya ce wanda ya kwance ta ba tare da ya ɗaure sifirin ɗin da ƙusarsa ba, da wuya ya ba da labari.

Wata rana na ce, “Kawu, wanne ya fi muni cikinsu?”

Ya ce, “Wanda ba ya kuka, ɗana.”

Ya nuna mini wani takalmi baƙi ƙirin yana naso. Robar da ke tare man ƙafa ta lalace, mai ya jiƙa ferodo. Irin wannan shiru yake, lumui, kuma ba ya riƙe komai. Haka ma birkin da ba a daidaita ba, wanda takalmansa ba sa kai wa ga tambur. Gwajinsa mai sauƙi ne. Bayan mota ta yi tafiya ya zagaya yana kara bayan hannu kusa da kowace taya, ba tare da ya taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na riƙe ko boris ya lalace. Wadda ke sanyi ƙalau, ita ba ta aiki sam, 'yan'uwanta ke ɗauke mata kaya. Na ga masu mota da ke zuwa neman a kashe musu ƙara kawai. Na ga inda aka toshe tiyon ƙafa ɗaya don tana zubar da iska, aka ce a je a dawo. Na ji labarin masu shafa wa ferodo ɗan mai don ya yi shiru. Kawu kan ce wa irin waɗannan, “Alhaji, je ka gaba, ni ba na ɗaure wa mota baki.” Ya yi hasarar ciniki da yawa a haka, matarsa ma ta sha yi masa ƙorafi.

Ba zan ce duk abin da yake yi daidai ne ba. In ya cire tambur da bakinsa yake hure ƙurar, mu ma mu taya shi. Ƙurar asbesto kuwa tana maƙalewa a huhu ta yi illa bayan shekaru masu yawa. Faransa ta haramta shi tun 1997, Tarayyar Turai gaba ɗaya a 2005, amma ferodon da ke zuwa mana cikin kwali marar rubutu ba ya faɗin abin da aka yi shi da shi. Duk mai ɗa a gareji ya gaya masa ya jiƙa ƙurar da ruwa ya goge da tsumma, kada ya hura da baki ko da tiyon iska. Wannan kam sai ɗan lakwal ya gaya wa gareji, don kunne ba ya jin sa.

Motar da ta katse mini darasi, na same ta da yamma ana sauke kaya. Na yi wa direban sallama, muka gaisa, na ce masa ƙafarsa ta baya ta dama ta kai ga ƙarfe. Ya dube ni ya dubi allin da ke hannun rigata, ya ce, “Mushe, kai ma makanike ne?” Na ce ɗan makanike ne. Bai yi musu ba. Ya ce ya fi sati uku yana gaya wa mai motar, amsar kullum ita ce bayan wannan lodin. Shi ma tsoro yake ji, shi ya sa tun daga nesa yake fara sauko da giya. Na tambaye shi ko da yaran makaranta cikin fasinjansa na safe, ya ce shi ba ya ƙirga na bisa kaya, aikin yaron mota ne.

A taron iyayen yara na gaba na ta da maganar. Mu ne ke ɗaukar shatar babbar mota in za a kai amarya Jiratawa, mu ne ke zuba yara a baya in za a je wasan ƙwallo ko jarrabawa Maraɗi, kuma abin da muke ciniki a kai kuɗi ne kawai. Na ce ba sai mutum ya zama makanike ba. Ka sa direba ya kashe inji ya taka birki ya riƙe, ka saurara, ka dubi allurar agogon iska ko tana sauka. Ka sa ya ja ya taka ka ji. In ya fusata don ka tambaya, ka nemi wata motar. Wani dattijo ya ce ai komai na Allah ne. Liman ne ya amsa masa, ba ni ba, kuma ya amsa da kyau.

Bayan kwanaki direban nan ya tsaya bakin makaranta ya aiko yaronsa da wani abu a buhu. Tsohon takalmin birkin ne. Ferodon ya cinye har ƙusoshin sun baje suna ƙyalli, gefe ɗaya na ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi. Yanzu yana cikin kabad ɗin ajinmu tare da taswira da kwamfas, ina fito da shi in mun zo darasin nauyi da gudu. Yaron motar da ya kawo shi tsohon ɗalibina ne, a aji huɗu ya bari. Na roƙe shi ya shigo ya yi wa yara bayanin yadda takalmin ke buɗewa cikin tambur. Ya tsaya bakin ƙofa yana ta goge hannu a wando, sannan ya cire takalmansa ya shigo.